Lauyar Alhamis

Alhamis, da yamma

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya maigidan, ya yara, ya kuma ciwon gwiwar nan da kike ɓoye mini? Ni jikina lafiya lau, hankalina ne ba ya tare da ni. Na ɗauki waya zan kira ki na fasa, don kin san halina, in na fara magana kuka ne zai riga ni, ke kuma ki ce lauya guda tana sharɓe hawaye a titi. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na gama in ɗauki hoton takardar in turo miki.

Kin tuna na gaya miki ofishinmu yana da ranar aikin kyauta. Duk Alhamis akan buɗe ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, lauya ɗaya ya zauna, wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya zo a saurare shi, haka ma ƙungiyoyin taimako na cikin gari. Maigidanmu ne ya ƙirƙiro abin, kuma tsakani da Allah yake yi. Sai dai mutum ne mai son komai a kan layinsa, har a bayan idonsa Ƙa'ida muke ce masa. Shi ya sa aka kafa allo a ƙofar ɗakin, an rubuta: Aikin kyauta, Alhamis kawai. Bana ni ce a ɗakin, daga ni sai kujerun roba da fanka mai ƙara.

A cikin shari'un da na gada akwai ta gidan 'yan jinya. Gida ne a bayan babban asibiti, inda marasa lafiyan da suka zo daga nesa da masu jinyarsu suke kwana ba ko sisi. Ranar da na fara shiga, na ga tabarmi a jere da igiyar shanya da murhu a tsakar gida, sai da na koma bayan ƙofa na share ido. Jinyar Mama na tuna, yadda muka riƙa shimfiɗa kwali a barandar asibiti, kina rufe ni da mayafinki, mai gadi yana tashinmu tun kafin gari ya waye. Da akwai irin gidan nan a lokacin, da ba mu ga wancan wulaƙancin ba.

Wani attajiri ne ya bayar da gidan kafin ya rasu, da sharaɗi guda. Muddin akwai mara lafiya ko mai jinya da ke kwana a ciki, gidan na ƙungiyar ne. Ranar da ya zama babu kowa, ya koma hannun magada. Babban ɗansa yana so ya rushe ya yi shaguna, ya kai ƙara wai gidan ya tashi daga aiki. Shari'ar tana gaban kotu, kuma wallahi muna da ƙarfi. Abu ɗaya na roƙi Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da gidan. Na tsaya a tsakar gidan a gaban kowa na ce ko sama da ƙasa za su haɗe, kada a bar gidan nan babu mutum. Na rubuta mata lambata, na ce ta kira ni.

Yaya, Sista ba ta taɓa kirana ba. Sai ranar Alhamis take zuwa, ta zauna a bakin kujera, rabin maganarta godiya ce. Yau ma haka ta zo tun da safe ta bi layi, a bayan wani mai rigimar katanga da maƙwabcinsa da wata da aka kora daga aiki. Sai da layi ya zo kanta bayan azahar, ta gama tambayar lafiyata da ta mutanen gida, sannan ta ce akwai 'yar matsala.

'Yar matsalar ita ce ranar Litinin ɗan marigayi ya je gidan da fara'arsa. Ya ce ya yi nadama, ba ya son mahaifinsa ya tashi da fushinsa, zai gyara rufin da ke yoyo a kan marasa lafiya, a yi feshin kuɗin cizo. Ya kama musu ɗakuna a wani masauki, wai su ɗan matsa kafin a gama. Rufin kuwa da gaske yana yoyo, cizon ma ba ƙarya ba ne. Sista ta ce ta tuna maganata, amma ta ga ai fita don gyara ba barin gida ba ne, kuma mutum ya rantse da kabarin ubansa. Na ce to me ya hana ki kira ni ki tambaya? Ta sunkuyar da kai ta ce ta ɗauki wayar, sai ta tuna ba Alhamis ba ce, kuma wanda yake maka aiki don Allah ba a tayar masa da hankali a ranar neman abincinsa.

Suna gama kwashe kaya aka garƙame get da sabon kwaɗo, aka zuba masu gadi biyu. Ba mai feshi, ba kafinta. Yashi da bulo aka fara saukewa a ƙofar gida.

Abin da ya rage mana mutum ɗaya ne. Akwai wani tsoho, Baba Direba, ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin ƙoda ta kwantar da shi. Shi ne mai tsokanata, Lauyar Alhamis yake ce mini. Ya dawo daga wankin ƙoda ranar Litinin ya tarar ana loda kaya, ya hango kwaɗo a hannun ɗaya daga cikin mutanen, sai ya wuce ɗakinsa ya sa sakata ya kunna rediyo. An yi lallashin duniya ya ƙi fitowa. Mutanen ɗan marigayi ba su isa su ja shi ba, layin asibiti ne, ido ya yi yawa. Sai suka kafa doka, wanda yake ciki yana iya fita, amma ba mai shiga.

Yana ciki, don haka gidan bai zama babu kowa ba. Amma Litinin da Alhamis ake yi masa wankin ƙoda, kuma yau bai je ba, don ya san yana sa ƙafa waje za a rufe a bayansa.

Na je wurin 'yan sanda, sun ce magana tana kotu, ba ruwansu. Yanzu zan zauna in rubuta takardun gaggawa. Ki sa ni a addu'a, ki sa tsohon nan. Ki gaida yara, ki ce wa babbar ta daina girma haka kafin in zo.

Ƙanwarki,
Auta


Asabar, bayan la'asar

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Ya jikin ƙaramin, zazzaɓin ya sauka? Kin ce in ci abinci, na ci, kada ki sa a zo a duba ni.

Jiya da safe muna da zama da wani babban kamfani, irin waɗanda su ne ke riƙe da ofishin, kuma ni na shirya takardun. Na shiga wurin Ƙa'ida na zayyana masa komai a tsaye. Ya saurara har ƙarshe, ya cire gilashi ya goge, ya ce abin tausayi ne, amma aikin kyauta yana da ranarsa, in an bar shi ya malalo cikin sauran ranaku wata rana ba za a sami ofishin da zai yi kyautar ba. Ya ce a gama zaman tukuna. Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ajiye masa takardun kamfanin a kan tebur na ce ƙodar Baba ba ta san Alhamis ba, na fita. Ban san ko ina da aiki ranar Litinin ba, kuma yanzu ba shi ne a gabana ba.

A kotu na shigar da roƙon a buɗe gidan, a hana taɓa shi har a gama shari'a. Alƙalinmu ba ya gari. Na bi ofis ofis ina neman a ba wani alƙalin, na roƙi rajistara, magatakardan kotu, har muryata ta dushe. Abin da na samu shi ne za a fara da mu ranar Litinin da safe. Na fito ina lissafin yadda mutumin da aka yi wa wanki ranar Litinin da ta wuce zai kai wata Litinin.

Daga nan na nemi likitansa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ruwa yana taruwa a jikinsa, dattin da ƙoda ba ta fitarwa yana taruwa a jini, kuma irin wannan ba ya sallama, zuciya ce kawai za ta tsaya. Ya ce in ina da ta cewa a wurin tsohon nan in fito da shi yau.

Mutanen ɗan marigayi sun yanke ruwa da wutar gidan. Abinci ta 'yar kafar get ake miƙa masa, inda ake zura hannu a buɗe kwaɗo. Ta nan na leƙa na gan shi yau. Ya jawo kujera tsakar gida ya zauna da rediyonsa a cinya, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba sa shiga, fuskar ta yi suntum. Ruwa ma ba ya sha, sai dai ya jiƙa leɓe, wai yana rage wa injin lodi. Yana ganin idona ya ce, "A'a, Lauyar Alhamis, kin yi ɓatan kai ne? Yau Asabar."

Na durƙusa a bakin get, a cikin yashin mutane, na roƙe shi ya fito. Na ce gida ƙasa ne da bulo, za mu ci gaba da shari'a ko yana ciki ko ba ya ciki. Ya ce in dube shi in faɗa masa gaskiya, in ya fito me zai faru. Yaya, na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce za su ɗauki hoton gidan babu kowa su kai wa alƙali, kuma kafin a gama jayayya sun rushe shi, ko mun ci shari'a daga baya fili za mu tarar. Ya ce to ai shi ke nan, ke da bakinki kika ce kada a bar shi babu mutum, ina zaune a nan wurin na ji ki.

Na ba shi labarin Mama da barandar asibiti, ina nufin ya ga na san zafin abin kuma duk da haka na ce ya fito. Ashe makami na ba shi. Ya ce shi ma kafin gidan nan a tasha yake kwana a ƙarƙashin motocin yaransa, ya tako zuwa asibiti yana haki. Ya ce shi ya kusa sauke lodi, amma akwai masu zuwa a baya da ba su ma san za su yi ciwo ba. Maganar tana fita da ƙyar, yana yi yana tsayawa ya ja numfashi. Ya ce, "Ki je ki yi naki a kotu, 'yata, ni in yi nawa a nan."

Ana cikin haka 'yarsa ta iso daga garinsu. Tela ce, ita ke ɗaukar nauyinsa. Da aka nuna mata ni, ba ta gaishe ni ba. A gaban jama'a ta ce ni na sa ubanta ya zama mai gadin gidan wasu, in ya mutu in san inda zan kai alhakinsa, wai dama aikin kyauta haka yake, da ran talaka ake biya. Sista ta yi ta ba ta haƙuri. Har yanzu maganar tana ci na.

Lauyan ɗan marigayi ma ya kira ni. Dogo ne, wanda muka yi makaranta tare, wanda kika taɓa cewa ya cika iyayi. Da murya mai taushi ya ce su ma ba sa son a yi asarar rai, motar asibiti tana nan a shirye, su za su ɗauki nauyi, in dai lallashi tsohon. Na san abin da yake so, shi ma ya san na sani. Abin takaicin shi ne ni ma abin da nake roƙon Baba ke nan.

Abu biyu suka tsaya mini a rai kafin in baro wurin. Na ji Baba yana tambayar masu gadi, kamar hira, wai in mutum ya kasa tafiya da ƙafarsa yaya za su yi da shi. Suka ce an hana su ko taɓa shi, sai dai 'yan uwansa su shiga su ɗauko shi. Ya ce madalla. Sannan ya ce kowa ya matsa, yana son magana da Goggo Mai Saƙa, wata dattijuwa da ke jinyar mijinta a asibitin tun bara, kullum tana bakin ƙofar ɗakinta da zare da ƙoshiyar saƙa. Sun daɗe suna ƙus-ƙus ta kafar get. Ina jin wasiyya yake bar mata, kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Ina tsoro, Yaya. Ban taɓa jin tsoron maganar da ta fito daga bakina irin yau ba. Ki gaida maigidan, ki ce na gode da saƙonsa.

Taki,
Auta


Litinin, da yamma

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ke da duk mutanen gidan. Ki yafe mini rashin ɗaga wayarki jiya, za ki ga dalili.

Jiya da hantsi muna bakin get, ni da Sista da 'yar Baba da mutanen gidan. Rediyo yana ta magana a tsakar gida, amma an kira Baba an kira, shiru. 'Yarsa ta leƙa ta hango shi ya zame daga kujera, ta ƙwalla ƙara tana dukan get da hannu biyu. Kan ka ce me layin ya cika. Masu gadi suka rikice, suka kira maigidansu, ya ce a buɗe a ɗauke shi. Ma'aikatan motar asibiti suka shiga da gadon ɗaukar mara lafiya, mata suka bi su, wannan ta riƙe kai, wannan ta ɗauko bargo, ana salati ana turereniya. Aka fito da shi ido a kafe, numfashi sama-sama. Ina ji aka mayar da kwaɗo a bayanmu, ban ko waiwaya ba. Na ce a raina gidan ya tafi, Allah ya bar mana tsohon.

A asibiti zuciyarsa ta tsaya, suka yi ta danna ƙirjinsa har ta dawo, aka ɗora shi a kan injin wanki. Ina zaune a baranda, irin barandar nan tamu, sai ga Ƙa'ida da kayan zaman gida da littattafai a hammata. Ban taɓa ganinsa ba kwat ba. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna a kan benci ya ce in nuna masa abin da na shigar. Muka duba tare. Ya ce tunda gidan ya zama babu kowa ƙafarmu ta yi rauni, amma gobe zai zauna kusa da ni, kuma duk abin da ya faru a faɗa wa alƙali yadda yake.

Yau da safe na isa kotu da nufin in tashi in ce tsohon da muka dogara da shi ya fita. A bakin ƙofa Sista ta ja hannun rigata, tana kallon ƙasa, ta ce akwai 'yar magana. Na ja na tsaya, don na san 'yar maganar Sista. Ta ce Goggo Mai Saƙa tana cikin gidan tun jiya.

Ashe ba wasiyya Baba ya bar mata ba. Ya san in ya fito da ƙafarsa, ƙaramar ƙofa za a buɗe masa shi kaɗai a rufe. In kuwa ya kai sai an ɗauke shi, dole a bar mutane su shiga. Shi ya sa ya zauna yana jiran jikinsa ya kai shi ƙasa. Da aka shiga ɗaukarsa, Goggo ta shiga da bargo, ta miƙa bargon, ta sulale ɗakinta da zarenta da jarkar ruwa a ƙarƙashin mayafi, ta sa sakata. Masu gadi ba su farga ba sai da yamma, da ta leƙo ta taga ta yi musu sannu da aiki.

Na ce Sista, kin san wannan tun ranar Asabar kika bar ni ina haukacewa? Ta ce Baba ne ya hana, ya ce lauya ba a sa ta cikin irin wannan, in ta sani dole ta hana. Gaskiyarsa, da na sani da na hana, da na fasa get ɗin da hannuna. Ta ƙara da cewa jiya ma ta so ta faɗa mini, ta ga Lahadi ce, ga maigidan ofishinmu a zaune kusa da ni. Ban san lokacin da dariya da kuka suka kama ni tare ba, a gaban 'yan sandan kotu.

Da aka kira mu na faɗa wa alƙali komai, ban rage ba. Yadda aka fitar da mutane da sunan gyara, yadda Baba ya zauna, yadda aka ɗauke shi, yadda Goggo ta shiga. Dogo ya miƙe yana cewa wannan kutse ne da dabara. Na ce matar nan a gidan take kwana tun bara, mijinta yana kwance a asibiti yanzu haka, ɗakinta ta koma. Alƙali ya dubi Dogo ta saman gilashi ya ce tunda ana maganar dabara, a nuna masa mai feshin da kafintan, a kuma gaya masa wane irin gyaran rufi ake yi da yashi da bulo. Dogo ya juya ya kalli ɗan marigayi, shi kuma ya kalli silin. Ƙa'ida kuwa yana ta turo mini shafin da zan karanta.

An ba da umarni a cire kwaɗo yau, a mayar da ruwa da wuta, kowa ya koma ɗakinsa, kada a taɓa ko bulo ɗaya har a gama shari'a. Ba a gama ba, amma gidan yana tsaye da mutanensa.

Ko baƙar rigata ban cire ba na wuce asibiti. 'Yarsa tana bakin gado, ta gan ni ta kau da kai, amma ta matsa mini. Na sunkuya na gaya masa a kunne cewa an buɗe gida. Na ɗauka ba ya ji. Can ya buɗe ido kaɗan, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Lauyar Alhamis, yau fa Litinin." Na ce Baba ina fushi da kai, ka yi mini wayo. Ya yi ɗan murmushi ya ce a kula masa da rediyonsa, Goggo ba ta iya murɗa shi ba.

Da gaske nake fushin, Yaya. Ina fushi da shi, ina fushi da allon nan na ƙofarmu, ina fushi da bakina. Likita ya ce zuciyar ta wahala ƙwarai, a dai yi ta addu'a. Ki taya mu. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta


Laraba

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba.

Jiya na leƙa gidan. An kwashe yashin, shanya ta koma kan igiya, har an kawo sababbin baƙi, wata mata da mijinta da za a yi wa aikin ido. Goggo tana bakin ƙofarta da saƙarta, tana ba kowa labari, kullum masu gadin suna ƙara yawa a bakinta. An gyara gadon Baba an ɗora rediyonsa a kan filo.

Yau da safe na tarar da Ƙa'ida a tsaye a gaban ɗakin ƙarƙashin matakala, hannu a baya, yana kallon allon. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Can ya tambaye ni ko gaskiya ne matar nan ta bi layi tun safe kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Na ce gaskiya ne. Sai ya aika a kawo masa sukundireba ya cire allon.

Ina hawa sama wayata ta yi ƙara. Na duba na ga sunan Sista. Tun da na ba ta lambata ba ta taɓa kira ba sai yau, don haka kafin in ɗaga na riga na sani. Na zauna a kan matakala.

Ta yi sallama, ta tambayi lafiyata da ta mutanen gida. Sannan ta ce in yi haƙuri don Allah, ta san yau ba Alhamis ba ce, ba ta so ta dame ni ba, amma ta ga ya kamata in ji daga bakinta. Baba ya cika da safen nan, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ta ce 'yar tasa ce ma ta ce a kira lauyar.

Na ce mata na gode da ta kira. Na ce ta riƙa kira.

Yanzu zan tafi can. Ki yi masa addu'a in kin yi wa Mama, Allah ya jiƙansu duka. Ki gaida kowa da kowa, kuma in kin sami sarari ki kira ni anjima, yau ba ruwana ko na yi kuka a titi.

Ƙanwarki,
Auta